Yaƙin da Aka Zana a Bayan Rigar Saje

Duk layin nan babu mai kiran telan da sunansa. Janar ake ce masa, yana kuma amsawa da ƙirji a gaba kamar gwamnati ce ta liƙa masa anini a kafaɗa. Alhali bawan Allah ko bindigar harbin tsuntsu bai taɓa riƙewa ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya je ɗaukar soja, ya yi gudu ya zo na uku, ya yi tsalle, ya buɗe baki aka duba haƙora, sai da aka zo awon tsayi aka ce ya gaza da inci ɗaya. In wani ne da ya tsaya gardama. Shi kuwa ɗan tela ne, ya dubi tef ɗin ya ga ba ƙarya, ya ɗauki takalminsa ya koma shagon ubansa ya hau keke.

Sai dai abin bai bar ransa ba. Wata rana ya tsinci wani littafi marar bango a wurin mai sayar da tsofaffin littattafai, labarin manyan yaƙe-yaƙen duniya, ya karanta shi har takardun suka fara zubewa, ya ɗinke su da zaren kaki. Daga nan aka samu na biyu, aka samu na goma. Yau shekara talatin da 'yan kai ke nan, kantar da ke saman kekensa rabi zare ne rabi littattafai, kuma in ka kawo ɗinkin wando sai ka shirya jin yadda aka tsallaka da giwaye ta kan duwatsu masu ƙanƙara kafin a auna maka ƙugu.

A bayan ƙofar shagon yake rubuta jerin gwanayensa da alli. Khalid ɗan Walid yana can sama shi kaɗai, an ja layi a ƙarƙashinsa, don Janar ya ce wannan ba a sa shi a sahun gardama. Ƙasan layin ne ake kokawa. Hanibal na ɗaya, Iskandar na Makidoniya na biyu, Subutai na Mongol na uku, Napoleon kuwa yau ya hau gobe ya sauka, gwargwadon yadda Janar ya tashi. Yana da wani faffaɗan kwali da yake shimfiɗawa a kan tebur, da gwangwanin maɓallai. Baƙaƙe su ne dakaru, farare mahaya dawaki, kwarkwaron zare kuma giwaye. Mutane na baro ayyukansu su zo kallo, har mai shayin bakin titi ya san lokacin da zai kawo buta.

Shagon na mutum biyu ne, shi da ƙaninsa. Auta ake ce wa ƙanin, ko da yake furfura ta gama cin gemunsa. Aikinsu a rabe yake tun zamanin mahaifinsu: Janar ke awo da zane, Auta ke yanka. Yadin da aka zana a kan tura shi ƙarshen tebur na hannun dama, duk abin da ya kai can kuwa ya zama na almakashi. Sau ɗaya tak, shekaru da yawa baya, Auta ya taɓa cewa wani layi bai yi masa daidai ba, Janar ya wanke shi tas a gaban mai kaya, ya ce soja ba ya tambayar umarni. Tun daga ranar Auta bai ƙara tambaya ba. Inda alli ya bi, nan almakashi ke bi.

Sai kuma Saje. Shi ne sojan gaske guda ɗaya a duk layin, dattijo dogo mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda kullum bayan la'asar yake zuwa ya zauna a ƙarshen benci ya jingina sandarsa. Shekara goma sha ɗaya yana zama a nan, ana kashe dubbai ana tayar da dubbai a kan kwali, bai taɓa tofa ko kalma ɗaya ba. In Janar ya ce, "Saje, kai da ka ga abin da idonka, wa ya fi?" sai ya yi murmushi ya ce, "Ku dai ci gaba, ina jinku." Wannan shirun yana cin Janar a rai ƙwarai, domin a duniya ba wanda yake so ya yarda da jerin nan nasa kamar Saje.

Wata Litinin Saje ya shigo da sassafe, abin da bai saba ba, da ƙunshi a hammata. Ya kwance a kan tebur, sai ga yadi launin toka mai siraran layuka farare, yana ƙanshin akwati.

"Yadi huɗu ne cif," in ji shi. "Riga mai dogon hannu da wando. Asabar da safe nake so."

Janar ya murza yadin tsakanin yatsu ya yi fito. "Ranka ya daɗe, ina ka samo wannan? Ai masaƙar da ke yin irinsa ta rufe tun ina saurayi."

Saje ya ce Kyaftin ɗinsu ne ya raba musu. Ranar da aka sallame su daga aiki ya sayo bandir-bandir da kuɗinsa, ya yanka wa kowa yadi huɗu, su arba'in da ɗaya, ya ce kowa ya ajiye sai ranar da za su sake haɗuwa. Yanzu Kyaftin ya tsufa, 'ya'yansa sun aiko cewa yana son ganin yaransa ranar Asabar. Hannun rigar kuma lallai ya zama dogo, domin akwai tabo a damtsen Saje wanda ba ya so a riƙa kallo.

Janar ya dafa ƙirji ya ce, "Ka bar mini. Shekara talatin da huɗu ban taɓa ɓata wa mutum ko taƙi ɗaya na yadi ba."

Gaskiya ya faɗa. Amma da ya sani da bai cika bakin ba.

Washegari da hantsi ya shimfiɗa yadin a kife a kan tebur, ya ɗauki alli zai fara zane, sai ga baƙo. Sabon malamin tarihi ne na makarantar sakandaren bayan layi, wanda labarin ƙofar ya kai masa, ya zo ya gani a lokacin tara. Ya tsaya ya karanta jerin yana gyara tabarau, ya yi wata 'yar dariya ta raini.

"Maigida, wa ya sa Hanibal sama da Iskandar?"

Abin nema ya samu. Shekaru Janar yana jiran wanda zai iya ja da shi, domin mutanen layi sun daɗe da zama 'yan amshi. Ya ajiye tef, idanunsa suka kawo wuta.

"Ni na sa shi. Zauna, Malam, zauna. Auta, ba shi kujera."

Malamin ya ƙi zama. Ya ce Iskandar bai taɓa shan kashi a fagen daga ba, ya rushe daular Farisa yana ɗan saurayi, ya kai har ƙasar Indiya, ya mutu yana da shekara talatin da biyu duniya na rawar ɗari da jin sunansa. Janar ya ce ƙwarai, amma ubansa ne ya gina masa rundunar ya miƙa masa a shirye, kamar wanda ya gaji shago da kekuna da masu kawo ɗinki, kuma a ƙarshe sojojinsa da kansu suka tsaya a bakin kogi suka ce ba za su ƙara taku ɗaya ba. Malamin ya ce to Napoleon fa? Janar ya ce mutumin da ya shiga ƙasar Rasha da dubu ɗari huɗu da ɗoriya ya fito da 'yan tsiraru suna jan ƙafa, a bar shi a na huɗu ma alfarma ce. Kafin ka ce kwabo shago ya cika. Mai gyaran rediyo ya rufe rumfarsa, mai shayi ya iso da butarsa, wani direba ya bar fasinja a mota ya leƙo ta taga.

"Hanibal ɗin naka ai bai ci birnin Rum ba," in ji malamin. "Ƙarshe ma a ƙasarsu aka ci shi da yaƙi."

"Ka san yaƙin Kanai?"

"Na karantar da shi."

"Karantarwa daban, gani daban. Matso."

Janar ya waiga neman kwalinsa, babu. Ashe Auta ya jingina shi a waje ya sha iska, don ruwan tulu ya jiƙa gefensa. Jinin gardama ya riga ya hau, allin yana hannu, ga fili shimfiɗe a gabansa mai santsi. Wallahi ko ganin yadin bai yi ba. Ya zazzage gwangwanin maɓallai, ya ja wani dogon layi mai lanƙwasa kamar jinjirin wata daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ga tsakiyar rundunarsa, ya turo cikinta gaba da gangan. Ga Rumawa, sun fi shi yawa nesa ba kusa ba, sun taho a dunƙule. Suna turawa, tsakiya na ja da baya. Suna turawa, tana ja. Su a zatonsu nasara ce, ba su san jaka suke shiga ba." Ya ja kibiya ta dama, ya ja ta hagu. "Sai fikafikan nan biyu suka rufo. Sai dawaki suka zagayo ta baya suka ɗaure bakin jakar."

Ya tattaro baƙaƙen maɓallai a tafin hannu ya damƙe. Shagon ya ɗauki sowa, direban nan ya buga tagar har sai da gilashi ya yi ƙara. Malamin ya cire tabarau ya goge, ya ce gaskiya bai taɓa ganin an bayyana shi haka ba, amma zai dawo da shirinsa. Janar ya ji kamar a ɗaga shi sama. Mai shayi ya nemi wurin ajiye kofuna, Janar ya share maɓallai, ya tura yadin can ƙarshen tebur ba tare da ya duba ba, ya raka malamin har bakin titi suna ta musayar shekaru da sunayen koguna.

Ƙarshen teburin kuwa na hannun dama ne.

Da ya dawo yana 'yar waƙarsa, sai ya tarar da Auta tsaye da almakashi, ya sunkuya yana duban yadin da alamar damuwa.

"Yaya, na yanke lanƙwasar. Amma wannan kibiyar, hannun riga ce ko aljihu?"

Janar ya dubi tebur. Ya zauna a kan benci daidai wurin Saje. Yadin da ya kwana a akwati shekara da shekaru ya rabu gida biyu, an bi jinjirin watan nan da yanka mai tsabta, irin wanda Auta kaɗai ya iya. Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya tuna wanda ya ce soja ba ya tambayar umarni, ya rufe. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Ranar bai ga ta zama ba. Ya yanki ɗan ƙyalle daga gefe ya zaga kasuwa rumfa-rumfa, tsofaffin 'yan yadi suna murzawa suna girgiza kai, wani ma ya roƙe shi ya bar masa ƙyallen don tunawa. Ya dawo suka baje kwalayen awo a kan abin da ya rage, suka juya su gabas, suka juya su yamma. Wando ya fita. Gaban riga ya fita, kwala ta fita. In aka gajarta hannu, baya zai fita lafiya, amma Saje ya ce dogon hannu. In aka bar hannu dogo, to dole bayan rigar ya faɗa kan yankan, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, inda ko makaho zai lalubo.

"Sai mu ce sabon yayi ne," in ji Janar a hankali. "Yaƙi ɗan zamba ne."

Auta ya ajiye almakashi. Ya daɗe bai yi magana mai tsawo haka ba. "Yaya, ka yi wa Rumawa zamba in kana so. Mutumin nan shekara goma sha ɗaya yana zama a bencinmu."

Bayan la'asar Saje ya shigo ya jingina sanda. Janar ya tashi tsaye, ya haɗa ƙafa kamar mai jiran hukunci, ya faɗa masa komai, bai ɗora wa Auta ba, bai ɗora wa malamin ba. Saje ya matso ya bi yankan da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ya tsaya a kan kibiyar da ba a goge ba. Da zagi ya yi da Janar ya fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Asabar da safe," ya fita.

Laraba bai zo benci ba. Alhamis ma haka. Malamin tarihi ya dawo da littattafai uku a hammata, Janar ya ce masa yau ba yaƙi, ya tafi. Janar bai yarda keke ya taɓa bayan rigar ba. Da hannu ya haɗa shi, da allura mafi siranta a shagon, yana bin fararen layukan nan ɗaya bayan ɗaya don kowane ya sadu da ɗan'uwansa a tsallaken yankan. Layi ɗari da goma sha shida ne, ya ƙirga. In ɗaya ya kauce da faɗin gashi sai ya warware ya sake. Auta na riƙe masa yadin a miƙe. Da aka gama aka bi da dutsen guga, ɗinkin ya kwanta lumui, amma yana nan, jinjirin wata daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Janar ya san ya yi aikin da bai taɓa yin kamarsa ba, ya kuma san bai isa ya mayar da yadi yadda yake ba.

Asabar da safe Saje ya zo ya saka. Rigar ta zauna masa kamar a jikinsa aka saƙa ta. Ya juya baya ga madubi, ya leƙa ta kan kafaɗa, ya daɗe yana kallo. Ya ɓalla maɓallin hannu ya ce, "Sai na dawo," ya tafi tashar mota.

Lahadi shiru, Litinin shiru, Talata shiru. Janar ya daina taɓa gwangwanin maɓallai. Kowane motsi a bakin ƙofa sai ya ɗaga kai, ya ga ba shi ba ne, ya mayar. Abin da ke damunsa ya wuce sunan shago. Tsoro yake ji kada ƙarshen bencin nan ya zauna ba kowa har abada saboda haukansa.

Ranar Laraba bayan la'asar sai ga ƙarar sanda. Saje ya shigo sanye da rigar, da wani ƙunshi a hammata, ya zauna a wurinsa. Janar ya rasa ta inda zai fara, ya ce, "An dawo lafiya? Ya aka baro su?"

"Mu tara muka je," in ji Saje. "Sauran ƙasa ta rufe, wasu kuma ƙafa ta ƙi."

Ya ce Kyaftin idonsa ya tafi gaba ɗaya. A kujera aka fito da shi, kowa ya zo ya durƙusa, shi kuma ya shafa fuska ya shafa kafaɗa ya faɗi sunan mutum, bai kuskure ko ɗaya ba. Da ya zo kan Saje ya rungume shi, hannunsa ya faɗa kan ɗinkin, ya tsaya. Ya ce wannan fa? Saje ya ba shi labari tun daga malamin tarihi har kibiyar Auta.

"Ya yi fushi?" Janar ya tambaya.

"Dariya ya yi har sai da aka kawo masa ruwa. Ya sa na juya, ya sake bi da yatsa. Ya ce a gaya wa telan tsakiyar ta yi daidai, amma ina ya baro dawakin?"

Auta ya tuntsire da dariya har ya riƙe tebur. Janar kuwa daɗi da kunya suka haɗe masa. Kyaftin na gaske, wanda ya ji ƙarar harsashi, ya shafa zanensa ya ce tsakiya ta yi daidai.

Saje ya kwance ƙunshin. Yadi ne launin toka mai fararen layuka, huɗu cif, ko allura ba ta taɓa shi ba.

"Nasa ne. Bai taɓa ɗinkawa ba. Ya ce a kawo wa telan nan, shi ma a yi masa da zane a baya. Amma ba na Hanibal ba. Ya ce Hanibal ya shigar da mutane jaka, shi kuwa fitar da su ya yi. Hanyar da ya bi da mu yake so, kwana shida, daga inda aka kewaye mu har gida. Mu arba'in da ɗaya muka shiga, mu arba'in da ɗaya muka fito."

Janar ya shimfiɗa yadin a kife. Ya ɗauki alli, ya ɗaga kai ya dubi kantar littattafansa, ya dubi bayan ƙofa. Ya san faɗin filin Kanai, ya san sunan kogin da sojojin Iskandar suka tsaya, ya san watan da sanyi ya fara cin mutanen Napoleon. Wannan yaƙin kuwa shekara goma sha ɗaya yana zaune a ƙarshen bencinsa, bai san ko ta ina aka fara shi ba.

Ya miƙa wa Saje allin da hannu biyu.

Auta ya yi wuf ya ɗauke almakashi ya jefa a aljihun tebur ya turo. Saje ya tashi ba tare da sanda ba, ya nannaɗe hannun rigarsa har saman tabon, ya jawo gwangwanin ya ƙirgo baƙaƙen maɓallai arba'in da ɗaya, ya jera su a gefen yadin. Ya ɗiga alli a kusurwar ƙasa.

"Nan rijiyar take, inda aka kewaye mu," ya ce. "Janar, jawo kujera ka zauna. Abin da tsawo."